Maigidana ya hana ni sayar da keken ɗinkina in "shuka iri": shin maganar Yahuza ya yi?

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni tela ce a Damagaram. An yi taron farkaswa, baƙon mai wa'azi ya karanta labarin Maryamu da ta zuba wa Yesu turare mai tsada, ya ce duk wanda ya shuka abu mafi daraja da ya mallaka, Allah zai ninka masa sau ɗari kafin shekara ta ƙare. Na ɗaga hannu, na yi alkawarin zan sayar da keken ɗinkina in kai kuɗin. Maigidana ya ce bai yarda ba: ga mahaifiyarsa kwance, ga hatsi ya yi tsada, in ma bayarwar ce gara a sayi hatsi a ba mabukata. Da na gaya wa baƙon, sai ya ce ai maganar Yahuza ke nan. Tun ranar ba na barci. Wa ke da gaskiya? Alkawarin da na yi fa?

Amsa: Ɗiyata, alheri da salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu su kasance tare da ke da gidanki. Kada ki sayar da keken nan. Maigidanki kuma ba Yahuza ba ne, wato almajirin da ya ci amanar Yesu. Na daɗe ina koyar da Littafi Mai Tsarki, kuma tambayarki ta taɓa ni ƙwarai, don na ga zuciya mai son ta ba Ubangiji mafi kyawun abin da take da shi, aka biyo ta wannan ƙofar aka kama ta. Son bayarwar da kike da shi abu ne mai kyau, kada kowa ya kashe miki shi. Nassin da aka karanta muku ne aka juya shi ƙafa sama kai ƙasa. Ɗauko Littafinki mu bi shi a hankali.

Labarin yana wuri uku: Markus 14:3-11, Matiyu 26:6-16 da Yahaya 12:1-8. A Betanya abin ya faru, ƙauyen da ke kamar kilomita 3 daga Urushalima, 'yan kwanaki kafin a gicciye Yesu. Yahaya ne ya faɗi sunan matar: Maryamu, 'yar'uwar Marta da Li'azaru. Li'azarun nan kuwa shi ne wanda ya yi kwana huɗu a kabari Yesu ya kira shi ya fito. Ki riƙe wannan da kyau, don a nan komai ya rataya. Maryamu ba ta zo neman wani abu ba, an riga an ba ta. Ɗan'uwanta da aka zauna makokinsa, ga shi nan a zaune ana cin abinci da shi. Godiya ce ta cika mata ciki har ta rasa inda za ta sa ta.

Turaren nardi ne, wanda ake samu daga wani tsiro na duwatsun Himalaya, can wajen arewacin Indiya da Nepal, sai ya ratso ƙasashe a hannun fatake kafin ya iso Yahudiya. Nauyinsa kusan sulusin kilo, kuɗinsa dinari 300 ko fiye. Dinari guda shi ne ladan yini na lebura (Matiyu 20:2), saboda haka in an cire Asabar da ranakun idi, guminsa na shekara guda cur ke nan. A ce lebura a garin nan yana samun jaka biyu a yini, kin ga ana maganar jaka 600. Markus ya ce fasa ɗan tulun ta yi, ba ta bar wa kanta hanyar mayar da saura ba. Ta shafe ƙafafunsa da gashin kanta, gida duk ya game da ƙanshi.

To, aljihun wa turaren ya shiga? Ba na kowa ba. Ya zuba a jikin Yesu, ya ƙare a nan. Bitrus bai samu ko anini ba, jakar almajirai ba ta ƙaru ba. Maryamu ma ba a yi mata alkawarin tulu ɗari ba, ba ta kuma tambaya ba. Yanzu ki sake karantawa ki gaya mini, a cikin ɗakin nan wane ne ya ce a sayar da abin a mai da shi kuɗi? Yahuza Iskariyoti. Yahaya 12:6 ya tona dalilinsa: ba don ya damu da matalauta ba ne, ɓarawo ne, jakar kuɗin tana hannunsa, yakan ɗebi abin da ake sawa a ciki. Mutumin da ya ce miki "sayar ki kawo kuɗin", alhali shi ne zai karɓa, shi ya kamata ya ji tsoron wannan ayar, ba maigidanki ba. Ban san zuciyar baƙon ba, Allah ne mai gwada zukata, amma maganar da ta fito daga bakinsa na san layin da ta biyo.

Markus da Matiyu sun ɗora labarin cin amana kai tsaye a kan na turaren, ba kuma banza suka yi haka ba. Daga wannan cin abincin Yahuza ya tafi wurin manyan firistoci ya ce: me za ku ba ni in na bashe shi gare ku? Suka ƙirga masa azurfa 30, daidai diyyar bawan da bijimi ya kashe bisa ga Fitowa 21:32. Mace ta ba da abin shekara guda ba ta tambayi komai ba. Almajirin da ya yi shekaru yana bin Yesu, tambayarsa ita ce "me za ku ba ni". Abin da ya raba su ke nan, ba yawan kuɗin ba. Wa'azin shuka iri kuwa wannan tambayar yake koya wa mutane su riƙa yi wa Allah. Yana mai da baiko kamar adashe: ki zuba, ki ƙirga watanni, ki jira ranar kwasarki. Mutum ya shigo majami'a da zuciyar Maryamu, a sallame shi yana lissafin Yahuza. Wannan ya fi ɓata mini rai fiye da kuɗin da ake raba mutane da su.

Game da maigidanki, gaskiya ne kalmominsa sun yi kama da na Yahuza, amma ba Yahuza kaɗai ya faɗe su ba. Matiyu ya ce almajiran ne suka ji haushi, Markus ya ce waɗansu daga cikin mutanen. Yesu ya tsawata musu don sun dami matar a kan abin da ta riga ta yi cikin ƙauna, amma mutum guda kaɗai aka kira ɓarawo, shi ne mai faɗin sunan matalauta yana nufin aljihunsa. Maigidanki yana maganar uwarsa da ke kwance a ɗaki, wadda kike gani da idonki. Yesu kansa ya yi faɗa da Farisiyawa a Markus 7:9-13 saboda suna koya wa mutum ya ce abin da zai taimaki iyayensa da shi ya riga ya keɓe wa Allah, sai ya bar su hannu wofi. Ya ce sun wofinta maganar Allah da al'adarsu. Bulus ya ƙara da cewa wanda bai kula da danginsa ba, musamman na gidansa, ya musunci bangaskiya (1 Timoti 5:8).

Akan kuma ɗauko "kullum kuna tare da matalauta" a rufe bakin mai maganar mabukata. Yesu daga Maimaitawar Shari'a 15:11 ya ɗauko ta, kuma ƙarshen ayar umarni ne: saboda haka ka buɗe hannunka ga ɗan'uwanka matalauci. Ya kuma faɗi abin da ya sa ranar ta bambanta: ni ba kullum kuke tare da ni ba, ta shafe jikina ne domin jana'izata. Sau ɗaya aka yi wannan jana'izar. Yau in kina neman ƙafafun da za ki zuba wa turare, shi da bakinsa ya nuna miki inda suke a Matiyu 25:35-40: mayunwaci, mai ƙishi, baƙo, marar sutura, marar lafiya, ɗan kurkuku. Yohanna Kirisostom, wanda ya zama bishop na Kustantiniya a 398, ya yi wa masu arzikin zamaninsa wa'azi cewa ba amfani a cika teburin Almasihu da kofunan zinariya alhali shi kansa yana waje yunwa na kashe shi. Da ya zo kan labarin Maryamu kuma sai ya ba da shawara mai hikima: in mutum ya riga ya kawo kyautarsa ta ƙawata majami'a, kada a karya masa gwiwa, in kuwa ya zo neman shawara tun bai yi ba, a ce masa ya ba matalauta. Ke ba ki riga kin sayar ba, shawara kika nema.

Koyarwar shuka iri ba tsohuwa ba ce. Wani mai wa'azi na Amurka, Oral Roberts, shi ya yaɗa ta sosai daga wajajen 1970, ta shigo Afirka ta Yamma, ta yi ƙarfi a Najeriya, yau kuma tana iso mu ta talabijin, ta WhatsApp, ta bakin baƙin da ke ƙetaro iyaka. Shugabannin masu bishara na duniya da suka taru a Cape Town a 2010, bisa aikin da malaman tauhidi na Afirka suka fara a Akropong ta Ghana, sun yarda Allah yana yin al'ajibi yana kuma biyan bukata, amma sun ƙi yarda cewa ana iya juya ikonsa da kyauta, ko da wani abu da aka riƙe a hannu, ko da wata dabara. Tun kafin su ma, manzo Bitrus ya yanke maganar. Da Saminu mai sihiri ya miƙo kuɗi a Samariya yana son ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi, tun da ya zaci baiwar Allah da kuɗi ake samunta (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Elisha ma ya ƙi karɓar ko kwabo daga Na'aman bayan ya warke. Baransa Gehazi ne ya bi shi a guje da ƙarya ya karɓo azurfa da riguna, ya kuma karɓo hukunci tare da su (2 Sarakuna 5). Kwaɗayi mabuɗin wahala.

"Sau ɗari" ɗin da aka yi muku alkawari daga Markus 10:29-30 yake. Ki karanta ayar har ƙarshenta. Tana maganar wanda ya bar gida da dangi da gona saboda Yesu da bishara, cewa zai sami gidaje da 'yan'uwa da uwaye ninki ɗari, tare da tsanani. Wannan kalma ta ƙarshe ba a cika karanta ta a taron tara kuɗi ba. Mu a Damagaram mun san ma'anar ayar a jikinmu. Tun da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka buɗe tasharsu ta farko ta Nijar a garin nan a 1924, masu bi ba su taɓa zama masu yawa ba, waɗansu kuma abin da bangaskiya ta fara jawo musu shi ne rabuwa da dangi. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u a nan, aka wawashe gidaje da shaguna, mutane da yawa suka kwana a barikin soja. Wa zai iya duban idon waɗannan mutane ya ce don ba su shuka iri ba ne? Ninki ɗarin kuwa mun gan shi a makonnin da suka biyo: wadda ta tsira da tukunya biyu ta ba da ɗaya, wanda ɗakinsa bai ƙone ba ya shimfiɗa wa wani iyali tabarma, har da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye mutane a gidajensu suna sane da abin da zai iya samunsu. Ba wanda ya rubuta sunansa a takarda, ba wanda ya jira riba.

Na san za a ce miki: gwauruwar nan mai anini biyu fa, ba duk abin da take da shi ta bayar ba? Haka ne, Yesu ya ce ta fi kowa bayarwa (Markus 12:41-44). Amma ba wanda ya kira ta gaba, ba wanda ya yi mata alkawari, ba ta ma san ana kallonta ba. Ki kuma koma aya ta 40, dab da labarin: a nan Yesu ya ce malaman Attaura masu cinye kayan gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a, hukuncinsu zai fi tsanani. Allah yana karɓar aninin gwauruwa da murna, yana kuma tuhumar wanda ya tatse ta. Shari'ar Musa ta hana a karɓi dutsen niƙa jingina, don wanda ya karɓe shi ran mutum ya karɓa (Maimaitawar Shari'a 24:6). Keken ɗinkinki da shi kike ciyar da yara, da shi ake sayen maganin tsohuwa, daga cikinsa zakkarki da baikonki suke fitowa kowane Lahadi. In ya tafi, duk waɗannan sun tafi tare da shi.

Kada kuma mu ɗora kwaɗayi duka a kan masu wa'azi, kamar mu da ke zaune a benci mun tsira. Wa'azin nan ba zai ci kasuwa ba in da babu mai saye. Ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah: sa'ad da kika ɗaga hannu, nawa ne ƙaunar Yesu, nawa ne hoton shago mai keke goma? Ba don in kunyata ki na faɗa ba, talauci yana da zafi, son fita daga cikinsa kuma ba zunubi ba ne. Amma Bulus bai ce kuɗi ne tushen mugunta ba, ya ce son kuɗi (1 Timoti 6:10), shi kuwa yana kama mai jaka guda kamar yadda yake kama mai miliyan. Maigidanki ma ya binciki kansa: in ya ce gara a ba mabukata, to a ba su ɗin da gaske, kada maganar ta mutu da zarar keken ya tsira. Hananiya da Safiratu ba a tilasta musu sayar da gonarsu ba. Bitrus ya ce wa Hananiya kafin a sayar taka ce, bayan an sayar ma kuɗin suna hannunka. Abin da ya kashe su shi ne son a yabe su kamar Barnaba, wanda ya sayar da gonarsa ya kawo wa manzanni kuɗin, alhali sun ɓoye wani kashi suna ƙarya (Ayyukan Manzanni 5:1-11).

Bayarwa irin ta Maryamu tana nan a cikinmu, sai dai ba ta da lasifika. Akwai wata dattijuwa a ikilisiyarmu, duk ranar da za ta surfa hatsi sai ta ɗebi cikin tafin hannu guda ta zuba a wata 'yar ƙwarya da take rufewa da faifai a ƙarƙashin gado. In ya kai tiya sai ta ƙulle a tsumma, ta kai gidan wata gwauruwa da magariba don kada a gan ta. A watannin zafi, sa'ad da famfunan garin nan suke ƙafewa ana layin jarka tun asuba, takan raba ruwan da ta samu da wani tsoho marar ƙarfi a unguwarsu. Har yau a ɗakin haya take, arzikinta bai ninku ba, ban kuma taɓa jin ta ce Allah yana riƙe mata bashi ba.

Wani zai ce to fasto ya ci me? Ya ci daga aikinsa, wannan umarnin Ubangiji ne (1 Korantiyawa 9:14), kuma abin kunya ne yadda waɗansu ikilisiyoyi suke barin fastocinsu na ƙauye da yunwa, sai abin da suka noma. Amma akwai hanya. Bulus, wanda ya yi sana'ar ɗinkin tanti da hannunsa, ya ce wa dattawan Afisa bai yi ƙyashin azurfa ko zinariya ko tufar kowa ba (Ayyukan Manzanni 20:33-35). Da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima ma bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba, sai tare da 'yan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada kowa ya sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:18-21). Shi ya sa a ikilisiya mai tsari, in an tashi sujada mutum biyu ko uku suke zama su juye kwandon baiko a kan tebur, su ware 'yan dala-dala da takardun da suka sha ƙulli a bakin zane, su ƙirga, su rubuta a littafi, kowa ya sa hannu, a kuma karanta rahoto gaban jama'a. Kuɗin da aka ce ki tura lambar wayar mutum ɗaya, wa zai ƙirga su, wa zai tambaye shi?

Saura alkawarin, na kuma san shi ne ya fi hana ki barci. Gaskiya ne wa'adi ga Allah ba abin wasa ba ne (Mai Hadishi 5:4-5). Amma Allahn da ya faɗi haka ya san mu da saurin baki, ya kuma bar ƙofa. Littafin Firistoci 5:4-6 ya yi tanadi domin wanda ya yi rantsuwa da garaje: ya hurta, ya kawo hadaya, a gafarta masa. A 27:8 an ce in wanda ya yi wa'adi ya rasa ƙarfin biya, firist ya yanka masa gwargwadon ƙarfinsa. Littafin Ƙidaya sura 30 kuma ta ce in mace ta yi wa'adi, mijinta ya ji ya hana a ranar da ya ji, wa'adin ya warware, Ubangiji zai gafarta mata. Ko a ƙarƙashin Shari'a ke nan, balle yanzu da muke ƙarƙashin alheri, inda aka ce kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba, kuma ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi (2 Korantiyawa 8:12, 9:7). Alkawarin da aka karɓa daga bakinki da koyarwar da ba daidai ba, cikin kiɗa da ihu da idon jama'a, ba sarƙa ba ce a wuyanki. Ba wata la'ana da za ta bi ki ko 'ya'yanki.

Ki durƙusa ki gaya wa Ubangiji yadda abin ya faru, ki roƙi gafarar garajen. Sannan ku zauna da maigidanki, ki ba shi haƙuri a kan yanke shawarar abin da ya shafi gida ba tare da shi ba, ku shirya tare abin da za ku iya bayarwa da farin ciki. In kina son abin ya fito daga keken ne, ga hanya: kafin a koma lakwal a watan Oktoba, ki tambayi shugabar zumuntar mata marayu nawa ne ba su da kayan sawa, ki ɗinka musu kyauta gwargwadon ƙarfinki. Ku je ku biyu wurin fastonku da dattawa ku gaya musu abin da aka ce muku, don ba ke kaɗai kika ɗaga hannu a daren nan ba, kuma su ne za su amsa a kan wanda suka ba bagade. In baƙon ya sake kiranki a waya, kada ki yi gardama da shi, ki gaishe shi da ladabi, ki ce maganar tana hannun maigidanki da dattawan ikilisiya, ya neme su.